Zari-ruga: Jamusawa 15 da suka samu lambar azurfa ta Olamfik da wasa ɗaya tak a 1900

A ranar Lahadi, 14 ga Oktoban 1900, 'yan wasa 15 daga ƙasar Jamus suka shiga filin tseren kekuna na Vincennes da ke gabashin birnin Paris domin karawa da 'yan wasan Faransa a ƙwallon zari-ruga. An tashi Faransa na da maki 27, Jamusawa na da 17. Daga nan baƙin suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, kowa ya kama harkar gabansa. Wasa ɗaya tak suka buga a gasar, kashi kuma suka sha a cikinsa, amma har gobe kundin Kwamitin Olamfik na Duniya yana lissafa su cikin waɗanda suka ci lambar azurfa.

Yadda aka yi hakan ta faru labari ne na wani zamani da aka haramta wa ɗan wasa karɓar ko anini saboda wasa, ta yadda aljihun mutum da izinin maigidansa a wurin aiki ne ke yanke wanda zai shiga fili da wanda zai zauna gida. Labarin kuma bai yi wa mutanen Mubi nisa kamar yadda za a zata ba. Shekara uku bayan wannan wasa sojojin Jamus suka kafa sansani a garin, kuma yaƙin da ya fitar da su daga Mubi shi ne ya rufe wa 'yan zari-rugarsu ƙofar Olamfik.

Wasan da asalinsa

Ana buga zari-ruga da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 a kowane ɓangare, cikin minti 80. Ɗan wasa yana da damar rungumar ƙwallo ya ruga da ita, abokan hamayya kuma suna da damar kama shi su kayar. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai dai baya ko gefe, amma ana iya buga ta gaba da ƙafa. Babban maki yana samuwa ne idan ɗan wasa ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa. Sauran makin kuwa ana samun su ne ta hanyar buga ƙwallo ta bi ta saman sandar da ke gicciye tsakanin dogayen turaku biyu.

Sunan wasan a Turance ya fito daga makarantar kwana ta garin Rugby a Ingila, inda ɗalibai suka rubuta dokokinsa a 1845. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ne ya fara ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita a 1823. Masana tarihi ba su ɗauki labarin da nauyi ba, ko da yake sunan yaron ne aka sa wa kofin duniya na wasan. Abin da ke rubuce shi ne cewa masu buga ƙwallo da ƙafa zalla sun kafa hukumarsu a Landan a 1863, masu ɗauka da hannu suka kafa tasu a 1871, kuma a watan Maris na wannan shekara Scotland da Ingila suka yi karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa a birnin Edinburgh.

Yadda ya shiga Jamus

Ba Jamusawa ne suka je suka ɗauko wasan ba, shi ne ya same su har gida. A tsakiyar ƙarni na 19 iyalai masu hali daga Ingila sukan tura 'ya'yansu karatu a garuruwan Jamus irin su Heidelberg da Cannstatt da ke kusa da Stuttgart, akwai kuma Turawan Ingila da ke zaune a Hannover da Frankfurt. Yaran suka zo da ƙwallonsu. 'Ya'yan gari suka fara da kallo daga bakin fili, daga baya aka riƙa jawo su ciki idan adadi bai cika ba.

A 1874 wani malamin makaranta a Braunschweig, Konrad Koch, ya shigar da wasan ƙwallo cikin darussan ɗalibansa tare da abokin aikinsa August Hermann. Yau ana kiran Koch da uban ƙwallon ƙafa a Jamus, amma dokokin da ya wallafa a 1875 sun yarda a ɗauki ƙwallo da hannu, wato sun fi kusa da zari-ruga. A 1878 Ferdinand Wilhelm Fricke, wanda a lokacin ɗan makaranta ne, ya jagoranci kafa kulob a Hannover, wanda ake ɗauka shi ne kulob ɗin zari-ruga na farko na Jamusawa. Shekara biyu bayan haka aka kafa na Frankfurt, wanda ya ɗauki shekarar kafuwarsa, 1880, ya maƙala a sunansa. Ba shi ne Eintracht Frankfurt da Jay-Jay Okocha ya buga wa a shekarun 1990 ba. Wannan ya girme shi, kuma hanyarsu daban.

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Mubi sun san wasu daga cikin waɗannan kulob-kulob ba tare da sanin tushensu ba. Kulob ɗin VfB Stuttgart ya samo asali daga wata ƙungiyar zari-ruga da aka kafa a 1893, haka Hannover 96 da zari-ruga ya fara kafin ya koma ƙwallon ƙafa.

Sabon wasan bai samu maraba daga kowa ba. Jamus tana da nata tsarin motsa jiki tun zamanin Friedrich Ludwig Jahn, wanda ya buɗe filin atisaye na farko a Berlin a 1811: tsalle-tsalle, lilo a kan sanda, da jerin gwano cikin tsari irin na soja. Mabiyan wannan tsari suna kallonsa a matsayin aikin kishin ƙasa, suna kuma ƙyamar gasa da ƙirga maki, balle wasan da ya fito daga Ingila. A 1898 wani malamin atisaye a Stuttgart, Karl Planck, ya wallafa ɗan littafi yana sukar ƙwallo, inda ya kwatanta ta da cutar da aka kwaso daga Ingila. Babbar ƙungiyar 'yan atisayen ta ƙi amincewa da gasar Olamfik ta farko da aka yi a Girka a 1896, har ta hukunta 'ya'yanta da suka je. Wani masanin kimiyya mai suna Willibald Gebhardt ne ya yi ta faɗi-tashi har Jamus ta samu wakilci a gasannin farko. Saboda haka mutanen Frankfurt da suka nufi Paris a 1900 ba wakilan wasan ƙasa ba ne. Tsiraru ne masu bin wasan baƙi, ana kuma yi musu kallon haka a gida.

Dokar wasa ba don kuɗi ba

Kafin a fahimci abin da ya faru a Paris sai an fahimci wannan doka. Shugabannin zari-ruga na Ingila, akasarinsu tsofaffin ɗaliban manyan makarantu, lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa, sun tsaya kan cewa wasa abin sha'awa ne, duk wanda ya karɓi kuɗi a kansa ya zubar da mutuncinsa. A baki maganar tana da daɗi. Amma a arewacin Ingila, a yankunan Yorkshire da Lancashire, mafi yawan 'yan wasa ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu, waɗanda ke aiki har ranar Asabar, ranar da ake wasa. Duk wanda ya bar aiki ya je fili an yanke masa ladan ranar, idan kuma ya karye babu mai ciyar da iyalinsa.

Kulob-kulob na arewa suka nemi a yarda a riƙa biyan ma'aikaci abin da ya rasa kawai, ba albashi ba. A taron hukumar na 1893 aka yi watsi da buƙatar da ƙuri'a 282 a kan 136. Ranar 29 ga Agustan 1895 kulob 22 suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, suka kafa tasu ƙungiya wadda ta yarda a biya ɗan wasa sule shida a ranar da ya rasa aiki. Daga wannan ɓaraka aka samu zari-ruga iri biyu da ake da su yau, na mutum 15 da na mutum 13. Ɓangaren mutum 15 ya ƙara tsananta dokarsa, har ta kai wanda ya taɓa buga wa 'yan ɓallewa wasa ko da kyauta ana iya korarsa har abada.

Wannan ra'ayi ne Baron Pierre de Coubertin, Bafaranshen da ya farfaɗo da gasar Olamfik, ya gina gasar a kansa. Coubertin masoyin zari-ruga ne. Ya ziyarci makarantar Rugby a shekarun 1880 ya dawo yana yabon tarbiyyarta, kuma shi ne alƙalin wasan ƙarshe na gasar zakarun Faransa ta farko a 1892. Irin tsananin dokar ya fito fili a kan Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun Amurka, wanda aka ƙwace wa lambobin zinare biyu da ya ci a 1912 saboda an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a wani wasa daban. Sai bayan shekara 70, ya daɗe da rasuwa, aka mayar wa iyalinsa.

Abin da dokar ta haifar a aikace shi ne cewa mai hali kaɗai ke iya tafiya ƙasar waje ya yi wasa, shi ɗin ma na 'yan kwanaki.

Paris, 1900

Gasar Olamfik ta biyu ta gudana ne a matsayin wani reshe na babban bikin baje kolin duniya da Faransa ta shirya, aka kuma ja ta daga watan Mayu har ƙarshen Oktoba. Babu bikin buɗewa, babu na rufewa. Wasu 'yan wasan sun rasu ba su san cewa a Olamfik suka fafata ba. Ba a zaɓo tawagogin ƙasa kamar yadda ake yi yanzu ba. Kulob ne ake gayyata, wanda ya iya zuwa ya zo.

Tawaga uku ce ta amsa kiran zari-ruga. Faransa ta haɗa 'yan wasa daga manyan kulob-kulob na Paris a ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar wasanninta. Birtaniya ta samu wakilcin wata tawaga mai suna Moseley Wanderers daga yankin Birmingham. Jamus kuma kulob ɗin Frankfurt 1880 ne ya tsaya mata, tare da ƙarin hannu daga yankin Stuttgart. Mutanen Frankfurt ba baƙin fita waje ba ne, domin a 1894 sun je Landan sun kara da tsohon kulob ɗin Blackheath, inda suka ɗanɗana kuɗarsu.

Karawar ta 14 ga Oktoba tana da nauyin da ya wuce wasa. Shekara 30 ke nan da yaƙin 1870 zuwa 1871, wanda Jamus ta ci Faransa ta ƙwace mata yankunan Alsace da Lorraine, kuma a birnin Frankfurt ɗin nan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta tabbatar da ƙwacen, a watan Mayun 1871. Da yawa daga cikin 'yan kallo kimanin 3,500 da suka taru a Vincennes sun girma da wannan takaici. Jamusawa ne suka fara jan ragamar wasan, suka tafi hutun rabin lokaci suna kan gaba. Bayan an dawo Faransawa suka juya akalar, suka gama da tazarar maki goma.

Adadin makin ya fi yadda yake bayyana a ido. A wancan zamani dangwala ƙwallo a bayan layi maki uku ne kawai, ba biyar ba kamar yanzu; bugun da ke biyo bayansa maki biyu, bugun laifi maki uku, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin a harba maki huɗu. Maki 44 a wasa ɗaya bisa wannan lissafi yana nuna an yi ta kai-komo ba ƙaƙƙautawa, kuma baƙin ba 'yan rakiya ba ne.

An tsara kowace tawaga ta kara da sauran biyun. Jamus da Birtaniya za su haɗu ranar 21 ga Oktoba, sannan Faransa da Birtaniya ranar 28. A nan dokar wasa ba don kuɗi ba ta yi aikinta. Babu wanda ke biyan Jamusawa masauki da abinci na ƙarin mako guda a Paris, kuma ayyukansu na jiransu a gida. Mutanen Moseley su ma ba za su iya zuwa sau biyu ba. Aka soke wasan tsakiya. Ranar 28 ga wata 'yan Birtaniya suka iso Paris da safiyar wasa, bayan wasunsu sun buga wani wasa a Ingila jiya-jiya sun kwana a jirgin ƙasa da na ruwa. Faransa ta lallasa su da maki 27 da 8 a gaban 'yan kallo kimanin 6,000, taro mafi girma da aka samu a gasar Olamfik ta wannan shekara baki ɗaya.

Faransa ta zama zakara. Matsayi na biyu kuwa babu wasan da ya raba gardama a kansa. Wasu tsofaffin jadawalai sun sa Jamus a gaba saboda tazarar maki goma aka ba ta, alhali Birtaniya 19 aka ba ta, amma Kwamitin Olamfik ya ba su biyun azurfa. Ita kanta lambar daga baya aka ƙirga ta, domin tsarin zinare da azurfa da tagulla bai fara ba sai a gasar 1904 a birnin St. Louis na Amurka.

Ga sunayen mutanen 15 kamar yadda kundin ya adana su: Albert Amrhein, wanda shi ne kyaftin, da Hugo Betting, Jacob Herrmann, Willy Hofmeister, Hermann Kreuzer, Arnold Landvoigt, Hans Latscha, Erich Ludwig, Richard Ludwig, Fritz Müller, Eduard Poppe, Heinrich Reitz, August Schmierer, Adolf Stockhausen da Georg Wenderoth. Babu ɗayansu da ya yi sunan da Jamusawa ke tunawa yau kamar yadda suke tuna gwanayen ƙwallon ƙafa. A tawagar Faransa kuwa akwai wanda tarihinsa ya shafe mu kai tsaye: Constantin Henriquez, haifaffen ƙasar Haiti da ke karatun likita a Paris, wanda ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko da ya zama zakaran Olamfik.

Mako uku cif bayan wasan, ranar 4 ga Nuwamban 1900, wakilan kulob-kulob suka taru a garin Kassel suka kafa hukumar zari-ruga ta Jamus, Fricke na Hannover ya zama shugabanta na farko. Hukumar ƙwallon ƙafa ta riga ta da wata tara, an kafa ta a Leipzig a watan Janairu. An fara gasar zakarun zari-ruga ta ƙasa a 1909, inda wani kulob na Hannover ya doke na Stuttgart, Frankfurt 1880 kuma ya ɗauki kofin a 1910 da 1913. Amma kafin wannan lokaci ƙwallon ƙafa ta riga ta yi wa zari-ruga fintinkau. Dokokinta sun fi sauƙi, raunin jiki ya fi ƙaranci, ma'aikatan masana'antu suka rungume ta. Zari-ruga ya maƙale a Hannover da Heidelberg da Frankfurt, kuma har yau nan ne cibiyoyinsa.

Jamusawan da Mubi ta sani

A daidai shekarun da waɗannan mutane ke wasa a Turai, wasu Jamusawan na daban suna tunkarar ƙasar Adamawa da bindiga. Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar tekun Kamaru a 1884, sannan yarjejeniyar da ta ƙulla da Birtaniya a 1893 ta raba masarautar Fombina gida biyu a kan takarda: Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar masarautar, har da Mubi, ta faɗa hannun Jamus. Ba a shawarci Lamiɗo ba. A watan Satumban 1901 sojojin Birtaniya suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Jamusawa suka gwabza da shi a Garwa a watan Nuwamba, sannan a kusa da Marwa a Janairun 1902 ƙarƙashin Hans Dominik. A wannan shekara suka kashe Arɗo Bakari na Madagali, ɗansa Hamman Yaji ya gaje shi. An kashe Zubairu a 1903, shekarar da Jamusawa suka mamaye Mubi suka mai da ita sansanin kan iyaka da cibiyar mulki.

Waɗannan Jamusawa ba su bar wa Mubi zari-ruga ba, kuma ba abin mamaki ba ne. 'Yan tsirarun hafsoshi ne da sojoji 'yan Afirka, suna mulki daga Garwa ta hannun lamiɓe, hankalinsu yana kan haraji da tsaron iyaka. Ga shi wasan ko a ƙasarsu na 'yan ƙalilan ne. Wasan da ya haɗa Turawan mulkin Kamaru da na Najeriya shi ne ƙwallon dawaki. Tarihin kulob ɗin ƙwallon dawaki na Legas ya nuna cewa a 1914 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ba da kofin azurfa domin a riƙa fafatawa tsakanin yankunan biyu, kofin da daga baya aka sauya wa suna zuwa Kofin 'Yancin Kai.

A wannan shekara ta 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Dakarun Birtaniya da na Faransa suka kutsa Kamaru, Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, sansanin ƙarshe na Jamusawa a kan dutsen Mora, ƙarƙashin Kyaftin Ernst von Raben, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Zaman Jamus a Mubi bai wuce shekara goma da 'yan kai ba. A 1922 majalisar ƙasashen duniya ta wancan lokaci, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta damƙa yankin amana a hannun Birtaniya. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya shiga Najeriya ranar 1 ga Yunin shekarar da sunan Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa.

Ko Turawan Ingila da suka ƙirƙiro zari-ruga ba su dasa shi sosai a Arewa ba. Ƙwallon ƙafa ce ta bazu ta makarantu da barikokin soja da ma'aikatar jirgin ƙasa. Ƙwallon dawaki ta samu gindin zama a fadoji, musamman Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, domin hawan doki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasan makarantun kwana na Ingila da ya kama ƙasa a nan shi ne ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Turawa ke kira Fives. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo shi a shekarun 1920, kuma Sardauna Ahmadu Bello yana daga cikin gwanayensa.

Daga 1920 zuwa 1940

Yaƙin da ya raba Jamus da Kamaru ya raba ta da Olamfik. Ba a gayyace ta gasar 1920 a Antwerp ba, haka ta 1924 a Paris, kuma waɗannan su ne na ƙarshe da aka buga zari-ruga na mutum 15. Amurka ce ta ci duka biyun. Wasan ƙarshe na 1924, da ta doke Faransa 17 da 3, ya ƙare da hargitsin 'yan kallo. Coubertin ya sauka daga shugabanci a 1925, wasan ya rasa mai tsaya masa, aka cire shi. Lokacin da Jamus ta dawo Olamfik a 1928 babu zari-ruga a jadawali.

Sai a 1927 Jamus ta kafa tawagar ƙasa ta haƙiƙa. Ranar 17 ga Afrilu ta je Paris ta sha kashi 30 da 5. Wata guda bayan haka, ranar 15 ga Mayu, Faransa ta kawo ziyara Frankfurt, Jamusawa suka rama da maki 17 da 16. Wannan maki ɗaya ya girgiza masu bin wasan, domin Faransa ta riga ta saba karawa da Ingila da Wales da Scotland da Ireland a gasar ƙasashe biyar.

Dokar kuɗi ce ta sake sauya al'amura. A 1931 ƙasashe huɗun nan suka kori Faransa daga gasarsu bisa zargin cewa kulob-kulob ɗinta na biyan 'yan wasa a ɓoye, ga kuma yawan rikici a fili. Faransa ta rasa abokan karawa, ta juyo ga maƙwabtanta. A 1934 aka kafa wata ƙungiyar zari-ruga ta ƙasashen Turai, wadda kalmar wasa don sha'awa ke cikin sunanta, Faransa da Jamus da Italiya da Romaniya na cikin ginshiƙanta. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi ƙarfi a tarihin zari-rugar Jamus, domin kusan duk shekara tana gwada ƙwanji da Faransa. A watan Mayun 1936, gabanin Olamfik ta Berlin, aka shirya gasar ƙasashe huɗu a birnin, wadda ba ta cikin jadawalin Olamfik. Faransa ta doke Jamus 19 da 14 a wasan ƙarshe. A watan Maris na 1938 Jamus ta sake cin Faransa a Frankfurt da maki 3 da nema. Nasarori biyun nan, ta 1927 da ta 1938, su ne kaɗai ta samu a kan Faransa a wancan zamani.

Bai kamata a ba da labarin wannan bunƙasa ba tare da faɗin inuwar da ta gudana a ciki ba. Daga 1933 gwamnatin Hitler ta mamaye dukkan hukumomin wasanni, aka kori Yahudawa daga kulob-kulob, wasa ya zama kayan farfagandar gwamnati. Tawagar ta buga wasanta na ƙarshe da Italiya a Stuttgart a watan Mayun 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan wasan ƙasa da dama ba su dawo daga fagen daga ba, kuma zari-rugar Jamus bai sake kai wancan matsayi ba.

Dokar wasa ba don kuɗi ba ta yi shekara ɗari cif bayan ɓarakar Huddersfield. A watan Agustan 1995, a wani taro a Paris, hukumar zari-ruga ta duniya ta soke ta, ɗan wasa ya samu damar karɓar albashi a fili. A 2009 Kwamitin Olamfik ya amince a dawo da wasan, amma na mutum bakwai-bakwai, aka fara a Rio de Janeiro a 2016, inda Fiji ta ci zinaren maza, Afirka ta Kudu ta ci tagulla.

A Najeriya tawagar ƙasa tana amsa sunan Black Stallions, a Arewa kuma Kano ce wasan ya fi rayuwa, inda kulob ɗin Barewa ya yi suna wajen horar da yara. Mafi yawan masu buga shi a ƙasar nan har yanzu sha'awa ce ke kai su fili, kamar mutanen Frankfurt na 1900, ba albashi ba. 'Ya'yan 'yan Najeriya da suka tashi a Ingila kuwa sun yi nisa: Maro Itoje ya zama kyaftin ɗin tawagar Ingila a 2025.

Kulob ɗin Frankfurt 1880 yana nan, yana kuma cikin manyan zari-rugar Jamus, ya sake ɗaukar kofin ƙasa a 2008 bayan shekara 83 rabonsa da shi. Tawagar ƙasar kuwa ba ta taɓa samun gurbi a gasar cin kofin duniya ba; ta kusa a 2018 a birnin Marseille, Kanada ta sha gabanta. Ba ta kuma samu shiga gasar 'yan bakwai-bakwai ba a Rio da Tokyo da Paris. Karawar 14 ga Oktoban 1900 ita ce wasan zari-ruga ɗaya tilo da Jamus ta taɓa bugawa a Olamfik.